Gayyar da Ba a Ganin Juna

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gure ya san gayya. In noma ya fi ƙarfin mai gona, sai ya aika wa maƙwabta, a sa rana, kowa ya zo da hauyarsa ya kama layi. A Bune da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gonar da mutum ɗaya zai yi mako biyu yana fama da ita sai ka ga an share ta kafin azahar. To akwai wata gayya da aka kira ranar 1 ga Oktoba 2000, har yau ba a tashi ba. Masu yin ta ba su taɓa haɗa ido ba, wani yana Jamus, wani yana Koriya, wani yana Birazil, kuma hauyar kowa ita ce kwamfutar da ke ajiye a ɗakinsa. Sunanta Folding@home, ma'ana naɗi a gida. Wani malamin kimiyya, Vijay Pande, shi ya kira ta daga Jami'ar Stanford a Amurka, daga baya ragamar ta koma hannun tsohon ɗalibinsa Greg Bowman, wanda yanzu yake Jami'ar Pennsylvania. Na daɗe ina bin yadda gwanayen wannan aiki suke shirya na'urorinsu, kuma abin da ya fi kama ni shi ne natsuwar da ke cikinsa.

Mu fara da abin da ake nomawa. Furotin shi ne ma'aikacin jiki. Shi ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ke narkar da tuwon da ka ci, shi ke tare cuta a bakin ƙofa. In jiki zai ƙera shi, yakan jera shi ne kamar carbi, ƙwaya bayan ƙwaya, daga ƙwayoyi iri 20 da masana ke kira amino asid. Amma carbin nan ba ya aiki a miƙe. Sai ya naɗe kansa ya ɗauki siffa, yadda ƙyalle mai tsawo ba ya zama rawani sai an naɗa shi naɗin da ya dace. In naɗin ya karkace, ana samun cututtuka irin su Alzheimer, mai cinye tunanin tsofaffi, da Parkinson mai sa karkarwa. Mu a nan muna da shaidar da ta fi kusa da mu, wato amosanin jini. A sarƙar furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jininmu, mai ƙwaya 146, ƙwaya ɗaya tak ce take canjawa, ta shida a jeri. Wannan canjin yakan bar wani gurbi mai danƙo a bayan furotin ɗin, su riƙa manne wa juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Duk daren da uwa ta kwana tana danna wa ɗanta ƙafa, daga ƙwaya ɗaya ya samo asali. Vernon Ingram ne ya nuna haka a wajajen 1956 da 1957.

Madubin likita ba ya iya nuna wannan motsi yadda yake gudana, saboda ƙanƙanta da kuma sauri. Shi ya sa ake kwaikwayonsa da lissafi. A cikin kwamfuta ana gina wani akwati, a sa furotin a tsakiya, a kewaye shi da ruwa, ƙwayoyin zarra dubbai a ciki. Sai a lissafa yadda kowace ke jan maƙwabciyarta ko tura ta, a matsar da su kaɗan, a sake lissafi. Kowane taku ɗaya yakan kai kamar kashi 2 cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Furotin da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya gama naɗewa yana buƙatar taku biliyan 500 ke nan. Kwamfuta ɗaya sai ta tsufa ba ta kai ƙarshe ba. Dabarar su Pande ita ce a yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, a ba dubban kwamfutoci kowace ta bi gajeriyar hanya daga wuri dabam, sannan a haɗa sakamakon da lissafin yiwuwa, a fitar da taswirar siffofin da furotin ke shiga da yawan lokacin da yake ɗauka a kowace. Kowace gunduwa ita ce ƙunshin aiki da ake aiko wa mai kwamfuta ta intanet.

Gwanin wannan aiki ba ya fara da saukar da manhaja. Tambayarsa ta farko ita ce, kwamfutar nan ta wace ce, kuma wa ke biyan kuɗin wutar? Ƙa'idar Folding@home kanta ta hana a ɗora manhajar a kan na'urar da ba a nemi izinin mai ita ba. In ta ofis ce ko ta makaranta, sai shugaba ya yarda. In ta yayanka ce, sai ka zauna ka yi masa bayani. Wannan amana ce, kuma ina ganin daidai ne ta zo kafin komai.

Bayan nan sai ya buɗe na'urar. A nan nake so mu daɗe, domin a ƙasa irin tamu nan ne aikin yake tsayuwa ko ya faɗi. Kwamfutar da ke rubuta wasiƙa tana aiki ne jefi-jefi, ta yi ta huta. Wadda ke naɗin furotin kuwa ba ta sauke numfashi, awa bayan awa, kuma duk wutar da ta sha zafi take zama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Gure ke wuce digiri 40 a inuwa, iskar da fanka ke jawowa don sanyaya injin ita kanta da ɗumi take. Ga kuma ƙurar hunturu da rairayin da iska ke kwasowa daga tuddai, masu shiga ko'ina. Don haka sai ya kashe na'urar, ya zare waya daga bango, ya taɓa wani ƙarfe da hannunsa tukuna. Wanda ya taɓa jin riga tana tartsatsi a jikinsa da sanyin hunturu ya san dalili: wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe wani sashe na allon kwamfuta ba tare da an ga alama ba. Sai ya kwance murfin, ya jera kusoshin a faifai bisa tsarin da ya ciro su, ya fitar da na'urar waje. Yana busa ƙura da abin hura iska, amma kafin ya busa sai ya tokare fikafikan fankar da yatsa ko tsinke, domin in iska ta juya ta fiye da kima za ta iya lalacewa. Tsakanin siraran ƙarafan da ke kwashe zafi ƙura kan dunƙule kamar auduga, sai ya bi su da burushi mai laushi, ɗaya bayan ɗaya. In kwamfutar ta shekara uku ko huɗu, yakan ɗaga wannan ƙarfen gaba ɗaya, ya goge busasshen man da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ɗiga sabo. Ɗigon bai wuce girman ƙwayar wake ba, a tsakiya. In ya yi yawa ya malale gefe, in ya yi kaɗan ya bar gurbin iska, ita kuwa iska ba ta kai zafi. Sai ya mayar da ƙarfen, ya ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don matsin ya zauna daidai.

Wurin ajiyewa ma da iliminsa. Kwamfutar cinya ba a ɗora ta a kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Gwani yakan ɗaga bayanta da katako biyu. Babbar ta tebur kuma ba a ajiye ta a ƙasa inda tsintsiya ke tayar da ƙura, ba a kuma manna ta da bango.

Saukar da manhajar shi ne mafi sauƙi a ciki. Ana samunta kyauta a shafin Folding@home, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma ta cikin burauza ake sarrafa ta. Abu uku take nema. Na farko suna, wanda mutum zai zaɓa a riƙa rubuta masa aikinsa da shi. Na biyu lambar ƙungiya. Wanda bai sa komai ba, aikinsa yana tafiya ne ƙungiya mai lamba 0, taron waɗanda ba su da tuta. Kowa na iya buɗe sabuwar ƙungiya a shafin ƙididdiga, ya raɗa mata suna, a ba shi lamba, ya raba wa abokai. Na uku mabuɗin sirri, wanda a allon aka rubuta passkey, jerin haruffa da lambobi 32 da ake aiko wa mutum ta imel. Sababbin shiga da yawa sukan tsallake shi don ɗoki. Gwani ba ya tsallakewa, ya kuma kwafe shi ne ya manna, ba ya bugawa da hannu, domin harafi ɗaya in ya kuskure an rasa amfanin mabuɗin. Da wannan mabuɗin ake tantance cewa aikin naka ne, da shi kuma ake samun ƙarin maki na maido da aiki da wuri, bayan mutum ya kammala ƙunshi 10 kuma yana maido da aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa a kan lokaci.

Sai rabon ƙarfi. A cikin kwamfuta akwai masu lissafi iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar, wato furosesa, mai hannuwa kaɗan amma kowane ya iya aiki iri-iri. Akwai kuma katin hoto, wanda aka ƙera don wasanni da fina-finai, mai dubban ƙananan hannuwa da ke maimaita lissafi iri ɗaya a lokaci guda. Lissafin jan juna tsakanin dubban ƙwayoyin zarra irin aikin katin hoto ne, shi ya sa kati mai kyau guda ɗaya kan yi abin da furosesa da yawa ba su yi ba. Amma katin ba ya ɗebo wa kansa aiki, furosesa ce ke miƙa masa. Don haka wanda ya san hannu yakan bar hannu ɗaya na furosesar ba aiki, ya zama mai miƙo wa katin. Tsofaffin hannu sun kuma san cewa manhajar GROMACS, wadda ke yin lissafin a furosesa, tana yanka akwatin nan kashi-kashi ne ta raba wa hannuwan, saboda haka lambobin da ke rabuwa irin 4, 6, 8 da 12 sun fi yi mata daɗi a kan 7, 11 ko 13. Wani abin kuma da ya burge ni, a wannan fage gwani rage gudu yake yi. Masu wasannin kwamfuta sukan tilasta wa kati ya wuce gudun da aka ƙera shi da shi. A wasa, kuskuren lissafi ɗigo ne a allo da ba wanda zai lura. A nan kuwa kuskure ɗaya yana ɓata ƙunshin duka. Shi ya sa za ka ga ya sauke iyakar wutar da katin ke sha da kashi ɗaya cikin huɗu ko makamancin haka. Gudun da ya rasa kaɗan ne, zafin da ya ragu kuwa mai yawa.

Daga nan sai ya danna maɓallin farawa, ya ja kujera ya zauna. Ba ya tafiya. Yana kallon ma'aunin zafi yana hawa, 60, 70, har ya tsaya. Da yawa sukan so katin ya zauna ƙasa da digiri 80. Yana saurarar fanka, ko ƙararta sumul take ko tana karce. Yana buɗe littafin bayanan da manhajar ke rubutawa, ya duba minti nawa take ɗauka kafin ta ci kashi ɗaya cikin 100, ya ninka sau 100, ya gwada da wa'adin da aka ba ƙunshin. In lissafin ya nuna ba zai kai ba da awannin da yake iya kunna na'urar a rana, ya san tun yanzu, kafin ya ɓata wa kowa lokaci.

Maganar wa'adin nan ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce ta sa na kira shi gayya. Kowane ƙunshi yana ɗauke da lambobi huɗu: lambar binciken, lambar wurin da aka faro tafiyar, lambar kwafin, da lambar zango. Ta ƙarshen ce abin lura. Zango na 41 ba ya samuwa sai an maido da na 40, domin daga inda ƙwayoyin zarra suka tsaya a kwamfutarka za su ci gaba a kwamfutar wani. Wata mata a Kanada ta miƙo maka, kai za ka miƙa wa wani yaro a Indiya. In ka karɓi ƙunshi ka rufe kwamfuta ka tafi cin kasuwa kwana uku, layin nan gaba ɗaya ya tsaya yana jiran ka, har wa'adi ya cika a sake aika shi wurin wani. Akan samu mai ɗora manhajar da zumuɗi ranar Juma'a, ya nuna wa abokai hoton furotin yana juyawa a allo, ranar Lahadi ya goge ta da aiki rabi a ciki. Gwani in zai tsaya, akwai maɓallin da aka rubuta Finish, wanda ke gaya wa manhajar ta kammala na hannu, ta aika, kada ta karɓi sabo. Shi yake dannawa, ya jira har ya ga saƙon an karɓa, sannan ya kashe.

Wuta ita ce babbar tambaya a wurinmu, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Katin da ke shan wat 200, in ya yi awa 24, ya sha kilowat-awa 4.8, wato 144 a wata. Wannan kuɗi ne na gaske a takardar kamfanin wuta na NIGELEC, kuma ba na ba wa magidancin da ke lissafin tiyar gero shawarar ya ɗauka. Ɗaukewar wuta kuwa ba ta kai yadda ake tsoro ba, domin manhajar tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, in wuta ta dawo ta ɗora daga nan, abin da aka rasa 'yan mintuna ne. Inda nake ganin ƙofa a buɗe take shi ne gidajen da ke da sola. Wanda ya san allon sola ya san cewa da rana ta take, batir kan cika, na'urar caji ta rufe, hasken da ke zuba a kan allon ya tafi a banza har la'asar. Kwamfutar cinya mai shan wat 45, in ta yi awa 4 a wannan tsakanin, wat-awa 180 ke nan daga wutar da dā ba mai amfani da ita. Matsalar ita ce lokacin ne zafi ya fi tsanani. Mai hankali sai ya zaɓi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ya rage yawan hannuwan da ya ba manhajar, ya fi ba da ƙarfi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da bazara kuma ya sassauta ko ya huta. Data ma sai an yi lissafinta, ko da yake ana buƙatar intanet ne kawai lokacin karɓo ƙunshi da lokacin mayarwa, tsakani kuwa na'urar ita kaɗai take aikinta.

A ƙungiya, akwai wanda yakan zama kamar sarkin gayya ba tare da an naɗa shi ba. Shi ke buɗe shafin ƙididdiga da safe, ya ga makin wane ya tsaya cak tun shekaranjiya, ya kira shi ya ce, “Ɗan'uwa, lafiya kuwa? Duba fankarka.” Shi ke zaunar da sabon shiga ya nuna masa inda ake manna mabuɗi. Makin nan ba ya sayen ko ashana. Aikinsa aikin makaɗin gayya ne, wanda ke kiran sunan wanda ya wuce gaba don na baya su ƙara himma.

Ko wannan wahala ta haifar da wani abu? Ta haifar. A 2007, da Sony ta ba masu na'urar wasa ta PlayStation 3 damar shiga, ƙarfin gayyar ya haura lissafi miliyan sau biliyan a daƙiƙa, har littafin Guinness ya rubuta ta. Sai 2020. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar. Kwana shida bayan haka, ranar 25 ga Maris, Folding@home ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, matakin da babu wata babbar kwamfuta guda da ta taka a lokacin. Mutane suna kulle a gida, suka yi ta kunna na'urori, daga kimanin masu aiki 30,000 aka wuce na'ura miliyan 1. A watan Afrilu ƙarfin ya kai ninki 2.4 na wancan mataki, ya fi na manyan kwamfutoci 500 na duniya a haɗe. Da wannan aka kalli yadda ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar take buɗewa ta kama ƙwayar jikin mutum, aka kuma gano ɓoyayyun aljifai fiye da 50 a furotin ɗinta, gurabun da ke buɗewa na ɗan lokaci su rufe, waɗanda magani zai iya shiga ya toshe. An buga sakamakon a mujallar Nature Chemistry a 2021. Irin wannan aljihu aka gano a wani furotin na Ebola mai suna VP35, cutar da Afirka ta Yamma ba ta manta da ɓarnarta ta 2014 ba.

Wani zai ce ai yanzu akwai AlphaFold, manhajar da ta sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker, wadda ke hango siffar furotin cikin ɗan lokaci. Gaskiya ne, babban aiki ne. Sai dai hoton furotin a tsaye take bayarwa. Aljihun da ke buɗewa ya rufe kuwa sai mai kallon motsi yake ganinsa, shi ya sa har yanzu ana rabon ƙunshi.

Ina tunanin ɗakunan kwamfuta na makarantu da ofisoshi a Damagaram da Gure, da kwamfutocin da matasa suka dawo da su gida Bune bayan karatu, da yawansu lulluɓe da zane saboda ƙura. Ga masu gyaran waya da masu haɗa sola, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da ƙananan kusoshi da ma'aunin wuta. Rabin ilimin da na zayyana a sama yana hannunsu tuni. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da malamansu, ku ne kuka fi dacewa ku buɗe ƙungiya da sunan jihar nan, ku raba lambarta. Ku fara da kwamfuta ɗaya wadda mai ita ya yarda, ku share ta, ku nemi mabuɗin sirri, ku kammala ƙunshi 10 na farko a kan lokaci kafin ku gayyato kowa.